Haƙori ya yi shiru, kai da wuya suka ɗauka

Assalamu alaikum Malam Edita, da fatan kana lafiya kai da abokan aikinka, ya ƙoƙari, ya kuma haƙuri da irinmu masu dogon surutu. Dan Allah ka sammin fili a jaridar nan taka, na san wasiƙar ta yi tsawo amma wallahi na yi ta ragewa ta ƙi raguwa, don abin da zan faɗa saura ƙiris ya sa mu zaman makoki a gidanmu, kuma duk a kan haƙori ƙwaya ɗaya wanda mu a lokacin ma mun manta da shi.

Ni malamin firamare ne a wani ƙauye nan ƙasar Taura, ba mu da nisa da Gujungu. Ƙanena da muke ciki ɗaya manomin rani ne, tumatir da albasa da ɗan tattasai yake yi a fadama, irin mutanen nan ne da sai ciwo ya kai su ƙasa kafin su yarda ba su da lafiya. Wajen ƙarshen hunturun da ya wuce turminsa na ƙasa, na can ƙurya ɓangaren hagu, ya tasa shi a gaba. Da ma ya daɗe da rami, in ya ci nama sai ka ganshi da tsinke yana ta sakace. Ya yi abin da kowa yake yi, ya cusa kanumfari, ya kurkure da ruwan gishiri, ya jiƙa jar kanwa, har wani abokinsa yace ya ɗiga ruwan batir wai yana kashe tsutsar, Allah dai ya taimaka bai biye mai ba. Da abin ya ƙi sai ya tafi kemis, mai kemis ya haɗa mai kafso da filajil da maganin kashe zogi na kwana biyu, iya kuɗin da ke aljihunsa kenan. Ya yi kwana huɗu ba barci, yana zagaye tsakar gida da hannu a kunci, rana ta biyar sai haƙori ya yi tsit kamar an ɗauke wuta. Ya zo yana min dariya wai ai maganin yaron nan na kemis yana ci, washegari ya koma ban ruwa.

To bayan kamar kwana goma sai ciwon kai. Ba duka kan ba, ɓarin hagu, daga gefen goshi ya gangaro kunne ya sauka wuya, yace ji yake kamar an ɗaure mai ƙeya da igiya ana ja. Da yamma sai zazzaɓi ya rufe shi. Nan fa kowa a gidan ya zama likita. Inna tace sanyin fadama ne ya shige shi tunda kullum ƙafarsa na cikin ruwa tun asuba, matarsa tace taifot ne don haka nata ya fara bara, aka koma kemis aka yi mai allurar maleriya har uku ba tare da an ɗiga jininsa an gwada ba, aka kira wanzami ya yi mai ƙaho a ƙeya ya zuƙe jini baƙi ƙirin aka ce ga mugun jinin nan ya fita. Ni kuma da nake ganin na yi boko, hankalina gaba ɗaya ya tafi kan sanƙarau, saboda zafi ya fara shigowa kuma duk wanda ya yi wayo lokacin annobar sanƙarau ta 1996 a ƙasar Kano da Jigawa in yaji an ce wuya da zazzaɓi a lokacin zafi sai gabansa ya faɗi. Na sa shi ya sunkuyar da kai ya taɓa ƙirji da haɓa, ya yi, da ɗan ciwo amma ya yi, sai na ɗan samu natsuwa. Kaga a cikinmu duka, da mai boko da marar boko, ba wanda ya ambaci haƙori. Me zai sa a ambace shi, ai ya daina ciwo.

Kwana biyu bayan ƙahon sai ga kumburi ƙarƙashin muƙamuƙi. Da farko kamar kaluluwa, ɗan dunƙule da kake iya motsa shi da yatsa, wata tsohuwa maƙociyarmu tace hangum ne, wai har babba yana yi. Kafin magariba ta washegari abin ya tsallaka ɗaya ɓangaren, ƙasan haɓarsa gaba ɗaya ya cika ya yi tauri kamar katako, in ka danna ba ya lotsawa, ga zafi rau. Aka dama mai koko, cokali ya ƙi shiga, bakin ba ya buɗuwa sai kamar faɗin yatsa ɗaya. Abin da ya fi tsorata ni shi ne muryarsa, magana yake kamar wanda ya cika baki da tuwo, yawu na dalala ba ya iya haɗiyewa, da na haska fitilar waya sai naga harshen ya taso sama ya kusa manne da ganda. In aka kwantar da shi sai ya zabura ya zauna yace numfashi ba ya isarsa, a zaune ya kwana ya jingina da buhun gero yana turo wuya gaba. Wani kawunmu yace a kira wanzami ya yi sakiya ruwan ya fita, wallahi har an aika yaro, ni dai ban san me ya shiga raina ba nace a'a, na je na buga wa mai mota ƙofa wajen ƙarfe uku na dare.

A babban asibitin da muka fara zuwa, nas ɗin da ke aikin dare tana ganinsa ko katin ba ta gama rubutawa ba tace min, Malam haƙori ya dame shi kwanan nan? Nace ya dame shi amma ai ya warke tun sati biyu. Ta kalle ni wani irin kallo da har yau ina jin kunyarsa. Suka sa mai ruwa da allurai ta jijiya, likita ya zo yace wannan ba nasu bane, mu wuce Kano yanzu yanzu kar mu tsaya ko karyawa, kuma kar a kwantar da shi a mota a barshi a zaune. Haka muka bi ta Ringim da Gezawa ina riƙe da ledar ruwa a sama ta taga, muka isa asibitin koyarwa na Malam Aminu Kano, sashen da ke kula da haƙori da muƙamuƙi da fuska. A ranar suka shiga da shi tiyata, suka tsaga ƙasan haɓa wuri uku, suka zura wasu 'yan robobi da mugunya ke bi tana fita, suka kuma cire turmin nan da muka ce ya warke. Warin abin da ya fito, Malam Edita, bari kawai. Mun yi kwana goma sha biyu a can.

Zaman jinya ne ya zame min makaranta. Akwai wani matashin likita da ke zagayen safe, Allah ya yi mai albarka, na dame shi da tambaya har ya saba, wata rana ya karɓi biro ya zana min a bayan takardar magani. Ga abin da na fahimta, kuma shi ne dalilin wannan wasiƙa. Haƙori ba dutse bane, a cikinsa akwai ɗan ɗaki mai jijiya da hanyoyin jini. In rami ya ci ya kai ɗakin nan ƙwayoyin cuta suka shiga, shi ne wannan azabar da ke hana barci. In aka barshi jijiyar sai ta mutu, kuma matacciyar jijiya ba ta jin zafi, shi ne shirun da ƙanena ya ɗauka sauƙi ne. Amma su ƙwayoyin cutar suna nan, sun ma samu gida, sai su bi ta ƙarshen saiwa su faɗa ƙashin muƙamuƙi su tara mugunya. Kafson kwana biyu ba abin da ya yi sai lallashi, an kashe maciji ba a sare kai ba, don maganin da ka sha jini ne ke kai shi, shi kuma mataccen haƙori jini ba ya shiga cikinsa, to ta ina maganin zai kai. Dole sai an cire haƙorin ko an buɗe shi an wanke cikin saiwar an toshe, in kuma mugunya ta taru a fitar da ita.

Ita kuma mugunya halin ruwa gare ta, duk manomin rani ya sani, in ka tare ruwa ta nan zai nemi inda ƙasa ta fi taushi ya ɓalle. Turamen ƙasa na can baya saiwarsu doguwa ce, tana sauka ƙasa da wani faifan nama da harshe ke zaune a kai, shi yasa in ta ɓalle ba cikin baki take fitowa ba inda za a gani a tofar, cikin wuya take zubowa. Daga nan ta tura harshe sama da baya ya toshe hanyar iska. Sunan ciwon Ludwig, sunan wani likitan Jamus ne da ya yi bayaninsa tun 1836, kuma kafin a samu magungunan kashe ƙwayoyin cuta fiye da rabin waɗanda ya kama mutuwa suke yi, yawanci ma ba dafin ne ke kashe su ba, shaƙewa ce. In ba a tare ta ba tana iya gangarawa har ƙirji. Da an yi sakiyar nan da kawu ya ce, askar ba za ta kai inda ruwan yake ba don yana can ƙasa da nama, ga manyan jijiyoyin jini a wajen, ga tsinkau-tsinkau da ƙarfe marar tsabta ke iya jawowa. Gadon da ke kusa da namu wani dattijo ne daga wajen Bichi, shi da ciwon suga ya haɗu mai, sai da aka huda maƙogwaronsa aka sa bututu yake numfashi ta nan. Masu suga abin ya fi yi musu saurin yaɗuwa, wasu ma sai a gadon ake gano suna da shi.

Amma fa kar mai karatu ya ɗauka duk wanda kansa ya sara bayan ciwon haƙori ya kama hanyar tiyata, a'a, yawanci abin bai kai nan ba. Na tambayi likitan nace to shi ciwon kan da ya fara yi tun kafin kumburi fa, me ya haɗa goshi da turmi? Yace jijiya ɗaya ce babba a kowane ɓarin fuska mai reshe uku, ɗaya ya tafi goshi da ido, ɗaya kunci da haƙoran sama, ɗaya muƙamuƙi da haƙoran ƙasa har gefen kunne, duka kuma wuri ɗaya suke kai rahoto, inda nan ne jijiyoyin saman wuya su ma suke kai nasu. To in ƙara ta yi yawa daga reshe ɗaya sai ƙwaƙwalwa ta rikice ta kasa gane daga wace unguwa ihun yake fitowa, sai kaji kunne na zogi alhali lafiyarsa ƙalau, ko gefen kai, ko ƙeya. Mutane nawa ne a ƙauyukanmu suke ɗiga man ja ko miski a kunne alhali turmi ne ke ruɓewa. Ita kuma kaluluwar wuya aikinta kenan, kamar shingen 'yan sintiri ce, in ƙwayoyin cuta suka taso daga baki nan ake tare su, sai ta kumbura ta yi ciwo in ka juya wuya. In ƙarama ce tana motsi ƙarƙashin yatsa kuma aka magance haƙorin, da kanta take sacewa cikin 'yan makonni. Wadda ta ƙi tafiya ko take ƙara girma ko ta yi tauri ta daina motsi, wannan a kai ta asibiti don ba haƙori kaɗai ke kumbura kaluluwa ba, tarin fuka ma yana yi, ciwon daji ma yana yi.

Ina cikin jin wannan bayani sai Inna ta faɗo min a rai. Ta fi shekara tana fama da wani ciwon kai da ita take kira mura mai naci, nauyi a kuncin dama da ƙasan ido, kuma kullum ƙorafinta ɗaya, wai in ta yi ruku'u ko sujada ji take kamar fuskar za ta zubo ƙasa, har ta koma sallar nafila a zaune. Ga majina mai wari ta hanci ɗaya kawai, na dama. Mun sayi maganin mura har mun gaji, an yi turare, an yi shaƙe da tafarnuwa. Da na faɗa wa likitan sai yace in kawo ta a duba haƙoranta na sama. Ashe a cikin ƙashin kunci akwai wani kogo mai iska da ke haɗe da hanci, kuma saiwar turamen sama tana dab da ƙasan kogon, wani lokaci ɗan siririn ƙashi ne kawai tsakaninsu, in saiwar ta ruɓe sai cutar ta haura ta cika kogon, shi yasa in ka sunkuya nauyin ke ƙaruwa. Murar gaskiya hanci biyu take kamawa, ta hanci ɗaya mai wari kuwa a duba haƙori. Aka yi mata hoto aka ga guntun turmi da ya karye tun shekaru ya bar saiwa a ciki.

Sai dai kafin Inna ta yarda a cire an sha daga, saboda maganar nan da kowa ya taso ya ji, wai cire haƙorin sama yana taɓa ido, mutum ya makance. Dan Allah jama'a mu bar wannan magana. Jijiyar gani daban take, ba ta bi ta haƙori. Abin da ke taɓa ido shi ne ruɓaɓɓen haƙorin sama da aka bari, musamman fiƙa da na kusa da ita, mugunyar tana iya haurawa ta kumbura fatar ido har ya rufe, kuma jijiyoyin jinin wannan wuri suna da hanya zuwa cikin kai, ba kasafai ake gani ba amma in ya faru abu ne na rai da mutuwa. Wato abin da muke gudu a cirewa a barin yake. An cire wa Inna nata, ta sha maganin da aka rubuta har ƙarshe, yanzu tana sujadarta lafiya, idonta kuma har zare take zurawa a allura.

Mu koma kan ƙanena, don tsugune ba ta ƙare ba. Mun dawo gida ciwo ya warke, kumburi ya sace, amma ciwon kai da wuya suna nan, kullum da safe sai ya tashi da gefen kai biyu na sara, ƙeya a ɗaure. Nan mutane suka fara cewa ai da ma mun faɗa ba na asibiti bane, a nemi na iska. Mu dai addu'a da tofi ba mu taɓa dainawa ba tun farko, amma ranar da aka ba mu ta komawa muka koma. Likita ya sa shi ya jera yatsu a tsaye tsakanin haƙoran gaba, biyu suka shiga da ƙyar, alhali mai lafiya uku yake sawa. Ya danna naman kuncinsa da na gefen goshi, ƙanena ya yi tsalle yace nan ne, nan ne ciwon yake. Ashe naman da muke tauna da shi ba a kunci ya tsaya ba, akwai wani mai faɗi kamar mafici da ya bazu a gefen kai sama da kunne, sa hannu a wajen ka cije haƙora za kaji yana motsi. Mutumin da ya yi wata biyu yana tauna da ɓari ɗaya, yana cije baki saboda zogi, yana kwana a zaune da wuya a karkace, ga kumburi ga tiyata, dole naman nan da gaɓar muƙamuƙi da ke gaban kunne su sandare, su kuma ja na wuya. Maganin wannan ba allura bace, gashi ne da tsumma mai ɗumi, da abinci mai laushi, da motsa baki, har wasu 'yan katakai masu faɗi suka ba shi yana jerawa tsakanin haƙora yana ƙara ɗaya bayan 'yan kwanaki.

Sai kuma abin da ni kaina ban taɓa ji ba sai ranar. Likita ya tambaye shi maganin ciwon kai nawa yake sha, yace kullum, safe da rana da dare, tun farkon ciwon bai tsallake rana ba, Panadol da wani ja da ake cewa na ciwon jiki, wani lokacin har da tiramol in zai shiga gona. Ashe maganin ciwon kai in aka mayar da shi abinci shi da kansa yana haifar da ciwon kai, wanda yake shan irin su farasitamol kwana 15 ko fiye a wata, ko masu ƙarfi irin tiramol kwana 10, har wata da watanni, kan sai ya saba, da maganin ya sake shi sai ya sara, ya sake sha, haka za a yi ta zagaye. Banda haka farasitamol mai lamba 500 bai kamata babba ya wuce ƙwaya 8 a kwana ɗaya ba saboda hanta, su kuma na ciwon jikin nan irin diklofenak suna cin ciki su tayar da olsa su taɓa ƙoda, mu kuma a nan a tafin hannu ake zuba mana su gauraye ko sunansu ba mu sani ba. Aka ce ya daina. Satin farko ya sha wuya har yana cewa gara a barshi da maganinsa, matarsa ce ta ɓoye ledar a cikin tukunyar daddawa, a sati na uku kan ya fara sakinsa. An kuma auna jininsa ko hawan jini ne, aka ga lafiya.

Wani abokin aikina da na ba wannan labari yace shi nasa bayan cirewa ne ya same shi, kwana uku da cire turmi sai wani zogi ya taso daga ramin ya harba kunne da gefen kai, ya fi na haƙorin ma, ga wari a baki. Wannan kuma gudan jinin da ke toshe ramin ne ya fita ƙashi ya zauna a buɗe. Shi mai shan sigari ne, kuma yana dawowa gida ya yi alwala ya kurkure baki da ƙarfi har sau uku, ya yi ta tsotsar wajen yana tofarwa. Ranar farko ba a kurkurewa ba a tsotsa ba a shan taba, daga washegari ne ake ruwan gishiri mai ɗumi a hankali. Kuma kurkurar baki a alwala a mazhabarmu ta Malikiyya sunna ce ba farilla ba, mai lalura in ya bari na yini ɗaya alwalarsa ta yi. In hakan ta faru a koma inda aka cire su wanke su sa magani a ramin, kafso ba ya yi.

To yaushe ne ba a jiran gari ya waye? Ni dai abin da idona ya gani, in mutum ya yi ciwon haƙori ko da ya lafa, sai ga kumburi yana sauka ƙasan haɓa ko wuya ko yana hawa ido, ko baki ya ƙi buɗuwa, ko yawu ya gagara haɗiya, ko murya ta canza, ko ya kasa kwanciya saboda numfashi, a nemi mota ko da kuɗin aro ne. Haka in ciwon kai ya zo da zazzaɓi mai zafi da amai da sandarewar wuya har haɓa ba ta taɓa ƙirji, ko haske na damunsa, ko ya fara sambatu, ko gani ya zama bibbiyu, wannan ko sanƙarau ne ko daga haƙori ne duk hanyarsu ɗaya, asibiti a daren. Yaro kuma in wuyansa ya kumbura da ciwon maƙogwaro kar a tsaya cewa hangum ko haƙori, mun ga abin da mashaƙo ya yi a Kano a 2023.

Yanzu ga kukana ga hukuma, shi ne na biyun abin da yasa na rubuto. Jigawa ƙananan hukumomi 27 gare ta, Kano 44, amma mutumin ƙauye in haƙori ya kama shi wa yake gani? Mai kemis, wanzami, sai mai lasifika ranar kasuwa da ke turara wa mutane hayaƙi a baki ya nuna musu wasu fararen abubuwa a ruwa yace ga tsutsar ta fito. Babu wata tsutsa a haƙori, ƙwayoyin cuta ne da ido ba ya gani, suna cin zaƙin da ya maƙale suna fitar da tsami yana cin haƙorin, mu kuwa yanzu shayi sai an zuba suga cokali huɗu, yara kuma alawa da lemon kwalba. Ban ga laifin mutane sosai ba, wanda zai bar gonarsa ya biya kuɗin mota zuwa Dutse ko Haɗeja ko Birnin Kudu ko Kano saboda haƙori sai ya ga abin ya yi tsanani, kuma lokacin an makara. Abin da muka kashe a kwana goma sha biyun nan, har da tumakin Inna biyu da tumatirin da ya ruɓe a gona ba mai tsinka, da an cire haƙorin tun farko ko kashi ɗaya cikin ashirin ba za a kashe ba.

Muna da makarantun koyon aikin lafiya a jihohin nan da ke yaye yara masu ilimin kula da haƙori, da yawansu suna zaune a gida ba aiki. A ɗauke su a tura su asibitocin karkara da kujera da kayan aiki da abin dafa ƙarafa, ko da sau ɗaya ne a sati ranar kasuwa, Lahadi a Gujungu, Alhamis a Maigatari, Juma'a a Wudil, tunda ranar ce kowa yake fitowa. Ma'aikatan da ke ɗakunan shan magani na ƙauye kuma a koya musu tambayar nan guda ɗaya da nas ɗin nan ta yi min, duk wanda ya zo da ciwon ɓarin kai da wuya a ce ya buɗe baki a haska, ba sai an fara da allurar maleriya ba. Masu kemis su ma 'yan uwanmu ne, su muke bugawa ƙofa da dare kuma suna ba mu bashi, amma dan Allah kafson kwana biyu ba taimako bane, in za ku ba da na rage zogi ku ba da, sannan ku ce wa mutum ya je a duba haƙorin ko ya daina ciwo. Gidajen rediyo kuma da suke sayar wa masu maganin gargajiya awa guda suna cewa magani ɗaya na warkar da basir da sanyi da haƙori, su ba likitan haƙori ko minti goma sha biyar ne a sati.

Ni a nawa ɓangaren na fara da ajina, ranar Litinin bayan an duba farce sai nace kowa ya buɗe baki, a cikin yaran na samu da yawa masu rami a turame, na rubuta wa iyayensu takarda, uku sun zo sun same ni, ɗaya yace min ai na madara ne zai faɗi da kansa, na nuna mai cewa turmin da ke fitowa a shekara shida ba ya sake fitowa, na dindindin ne. Ƙanena kuma ya koma fadama, yatsu uku suna shiga yanzu, tabon tiyata ya ɓuya a cikin gemu. Akwai wani turmin a ɓangaren dama da likita yace shi ma ya fara rami a zo a cike shi kafin ya kai jijiya, yace sai ya kwashe albasa, nace ranar Talata zan zo da mashin in ɗauke shi ko ya kwashe ko bai kwashe ba.

Na gode Malam Edita, Allah ya ƙara wa jarida albarka.

Naka, wani malamin firamare daga ƙaramar hukumar Taura, jihar Jigawa.